Malam Sharafaddeen Kusada da na'urar masu injin niƙa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Agustan 2025, Allah Ya karɓi ran malamina, Dakta Sharafaddeen Ma'aruf Kusada, a gidansa da ke Kankia, bayan doguwar jinyar hawan jini. Ni Rufaida, ɗaya daga cikin ɗalibansa, nake wannan rubutu.

Malam, a ajinka na jami'a na fara sanin cewa sauti igiya ce mai hawa da sauka. Ka ce mu tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Haka igiyoyin sauti suke. Idan aka sa kwamfuta ta kwaikwayi wata igiya, ta gusar da ita rabin zagaye, inda ta farkon take hawa ita tana sauka, sai su haɗu su kashe juna, a samu shiru. Mu lissafin jarrabawa muka ɗauke shi. Kai kuwa tunaninka yana wajen masu injin niƙa na garinku, waɗanda ƙara ke cinye musu kunne tun suna da ƙuruciya.

Shekaru ka yi kana haɗa 'yar na'urar da ake sawa a kunne. Tana sauraren rurin inji, ta haifi kishiyar igiyarsa ta kashe shi, ta bar muryar mutane ta wuce. Ina wurin ranar da muka gwada ta a ƙauyen Mawashi, a rumfar Gajere mai niƙa. Injin na ta ruri, sai Gajere ya tsaya cak da kwanon dawa a hannu.

“Malam, wallahi kiran La'asar nike ji! Kuma ban kashe inji ba!”

Dariya ka yi har da hawaye. Ka raba na'urorin kyauta a Mawashi da Ƙofa da Dudunni, ka ce sadaka ce ga mahaifanka.

Mu biyu ne muke taya ka aikin, ni da Zahradeen. Shi a gidanka ya zauna har ya gama karatu, matarka Hajiya Ummulkhairi na zuba masa tuwo tare da ɗiyanta. Ba abin da ka ɓoye masa. Da ya samu aiki a wani kamfani a Legas, kai ka raka shi tasha. Ba a rufa shekara ba muka ji kamfanin ya yi wa na'urar rajista, da sunan Zahradeen shi kaɗai. Sai lauyansu ya bugo maka waya: ka daina rabawa, ka janye waɗanda ke hannun mutane, ko a haɗu a kotu.

Na roƙe ka mu je kotun, hujjoji muna da su. Ka ce, “Rufaida, yaron da ya ci tuwon gidana zan tsaya gaban alƙali in kira ɓarawo? Ba ni iyawa.” Ka ji tsoron kada shari'a ta biyo talakawan da ka ba, sai ka bi ƙauyukan da ƙafarka kana karɓa. Gajere ya cire tasa ya miƙo maka da hannu biyu, bai tambayi dalili ba. Tun daga ranar ba ka sake shiga ɗakin gwajinka ba.

Ranar sadakar uku Zahradeen ya zo cikin mota mai sanyi. Ya nemi a shigar da shi wajen Hajiya, ya durƙusa yana cewa ya rasa uba. Ta sa aka kawo masa ruwa, ta gaya masa ka yafe masa tun kana kwance. Da ya juyo gare ni na amsa sallamarsa don wajibi ce kawai. Kai ka yafe, Malam. Ni har yau zuciyata ta ƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ummulkhairi, da ɗiyanka Ikrima da Adawiyya, da zuriyar Malam Ma'aruf baki ɗaya. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Abin da aka ƙwace maka a nan, Allah Ya sa ka tarar da shi cikakke a mizaninka. Amin.