Wuyan Hannun Yayana

Aikin biro, wato ofis, ya fi ɗaukar cinyar sa wahala, kowa ya ce ba haka ba bai yi su duka biyun ba. Shekara goma sha huɗu na yi a teburin yayana a kasuwar Adjamé, ina sara, ina ɗauka, ina kankare katako. Aji shida kawai na yi a lakol, amma rubutuna yana da kyau, ni nake cike wa dillalan shanu takardu. Nan wani mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ya gan ni, ya ba ni kujera a bironsa na Treichville.

Wata uku ina wanke hannu da jabel, ruwan bilic, da lemun tsami, ƙarnin bai bar hancina ba. In na gama rubutu sai na goge bik ɗin rubutun a cinyata kamar wuƙa. Sakatariyar bironmu ta gani, ta yi dariya, na daina.

Yayana ne ya saya min farar rigar farko da karabat na ɗaurawa a wuya. Bai taɓa zuwa biron ba sai wata Alhamis da rana. Ya shigo da tsoka a ƙunshe cikin takardar siminti, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya wanke hannu tas. A wurinmu mahauta, in hannunka da jini, wuyan hannu kake miƙa wa mutum. Shi kuwa tafin ya miƙo min, buɗe, yana murmushi.

Sai ga patoro, maigidana, ya fito. Ya tambaye ni da Faransanci wane ne wannan.

Na ce, “Mai kawo mana nama ne.”

Yayana ba ya karatu, amma yana jin Faransanci sarai, a nan unguwar Bromakoté aka haife mu. Ina kallo ya naɗe yatsunsa, ya juya hannun, ya ba ni wuyansa. Na taɓa.

Sakatariyar ta ce, “Tsoho, kana da hanta mai kyau?”

Ya ce, “Akwai, madam. Ki faɗa wa misye, ya san teburina.”

Misye, wato yallaɓai, ya kira ni. Mutumin da ya goya ni ranar da aka yi min kaciya. Ya ajiye ƙunshin a bakin teburina, nesa da takardu, ya fita. Ban raka shi ko ƙofa ba. Naman nan matata ta dafa shi, na ce mata cikina ba daɗi.

Washegari kafin biro na hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Adjamé, da farar rigar da karabat ɗin. Na tarar yana fasa ƙirjin sa, jini har gwiwar hannu. Ya ɗago ya ce, “Matsa baya, za ka ɓata riga.” Ya miƙo wuyan hannu.

Na ce, “Yaya, tafin nake so.”

Bai ba ni ba. Ni na kama shi, na buɗe yatsun, na riƙe. Daga nan na wuce Treichville, ban nemi ruwan wanke hannu ba.