Gyaɗar Gwaggo da Akun Baba

Mu huɗu ne a cikin wannan magana. Akwai mahaifiyata, wadda muke kira Umma. Akwai yayar mahaifina, wato Gwaggo, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Tarauni. Akwai ni, ɗan fari a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda a lokacin na kammala jami'a ina jiran kiran bautar ƙasa. Sai kuma akun Baba, wanda shi kaɗai ne a cikinmu bai ɓata wa kowa rai ba.

Baba ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa. Wani abokin aikinsa ɗan kudu ne ya ba shi akun tun ina firamare, mai launin toka da jar wutsiya. Kejinsa a rataye yake a baranda, daf da inda Baba yake alwala, don haka duk abin da Baba yake faɗa a tsakar gida tsuntsun ya kwashe shi: sallamarsa idan ya dawo daga aiki, gyaran muryar da yakan yi kafin ya yi magana, yadda yake cewa "A tashi, lokaci ya yi," da wani sunan wasa da yake kiran Umma da shi, wanda ba zan rubuta a nan ba. Har kaurin muryar da jan numfashin bai bari ba.

Baba yana da tsari wajen ciyar da shi. Dawa da masara, gwanda, ayaba, karas. Gyaɗa kuwa sai ranar Juma'a, 'yan ƙwayoyi kaɗan, shi da kansa yake ɓarewa, ya duba kowace ƙwaya a hasken rana, ya sa a soya ba gishiri. Ya sha gaya mana cewa gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna, irin wadda ba kullum ido yake gani ba, tana lalata hanta, ƙurar ɓawonta kuma ta shiga huhun tsuntsu. Goro ma bai yarda a ba shi ba.

A ƙarshen bazara Baba ya rasu. Washegarin jana'iza, tsakar gida cike da mata masu ta'aziyya, sai akun ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Matan da suke kusa da ƙofa suka amsa kafin su tuna. Umma ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Gwaggo kuwa ta rungume kejin tana kuka, tana kiran ƙaninta. Daga ranar muka san abin da ya rage mana. Baba bai taɓa son a ɗauki muryarsa a waya ba, akun ma haka: da zarar na nuna masa waya sai ya yi gum, ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Ko an ajiye ta a ɓoye, kamar ana gaya masa. Muryar Baba ba ta ko'ina a duniya sai a maƙogwaron tsuntsun nan.

Gwaggo ta fara zuwa kowace Juma'a, kuma ba ta zuwa hannu rabbana. A sana'arsu, kafin a kai gyaɗa inji sai an baza ta a faifai an tsince ta. Wadda ta motse, wadda ta yi baƙi, wadda ta yi ɗaci, duk a ware gefe a zuba wa awaki da kaji. Wannan da aka ware ce Gwaggo ta fara ɗaurowa a leda tana kawo wa akun Baba. Takan ja kujera ta zauna gaban kejin, ta riƙe ƙwaya ɗaya a tsakanin yatsu.

"Yi min sallama, ɗan'uwana. Yi min sallama in ba ka."

Idan ya yi, ta ba shi, ta share hawaye, ta ɗauko wata. Wani lokaci ta gatsi goron da take ci ta miƙa masa ɓarɓashin.

Ranar da na fara buɗe ledar, wani wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ya bugi hancina.

Na ce, "Gwaggo, wannan gyaɗar ba ta da kyau. Dubi launinta. Sansana ki ji."

Ta ce, "Au, to! Malam mai digiri ya buɗe aji. Ni za ka koya wa gyaɗa? Tun uwarka ba ta san hanyar gidan nan ba nake murza ta."

"Ke da kanki kika ware ta, domin kin san mutum ba zai iya ci ba."

"To wannan mutum ne? Awakina suna ci, ga su can kamar su fashe. Kajina suna ci. Sai wannan ne ɗan gata?"

"Baba ya hana."

Ta ajiye ledar, ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ƙanina ne kafin ya zama ubanka. A bayan nan na goya shi. Kada ka ƙara gaya min abin da ya hana."

Bayan tafiyarta na shiga wurin Umma. Tana cikin takaba, zaune a kan darduma. Na zayyana mata komai kamar yadda Baba ya koya mana, ita ma ta sani, domin ita ce take soya masa ta Juma'ar.

Ta ce, "Kai, ka bar ta. Yayar ubanka ce. Idan ka mayar mata da kyauta, ni za a ce na zuga ka."

"Umma, kashe shi za ta yi."

"Ka rufe bakinka. Idan ta tafi ka ɓoye ledar, shi ke nan."

Na ɓoye ledar, daga baya na zubar, amma wadda take ba shi da hannunta fa? Ban da haka, tsuntsun ya lasa ya ji maiƙo. Ya fara watsar da dawa da ƙafa, ya bar gwanda tana bushewa, yana jiran Juma'a. Wata rana Gwaggo ta tambayi inda ragowar makon jiya take. Da na so, da na ce ya cinye. Ban iya ƙarya ba, kuma ban ga dalilin koyonta a kanta ba.

Na ce, "Na zubar a bola."

Ta miƙe tsaye, zaninta na kwancewa tana gyarawa. "Sadakar da nake yi wa mamaci ita ka zubar a bola? Lallai boko ya gama da kai. Uwar yara, kina jin ɗanki?"

Umma daga ɗaki ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Yaro ne."

"Yaro mai gemu!"

Ranar sadakar arba'in, dangi sun taru, Gwaggo ta tashi a gaban kowa ta ce za ta ɗauki akun. Ta ce ba ta neman ko tsinke a gadon ƙaninta, muryarsa kawai take so ta riƙa ji, tun da a gidan nan an fara zubar mata da kyauta. Baffannina suka gyaɗa kai, suka ce wannan ai ba abin magana ba ne, tsuntsu ne. Na buɗe baki, wani daga cikinsu ya ɗaga min hannu. Aka juya wurin Umma. Mace mai takaba, a gaban dangin mijinta, me za ta ce?

Ta ce, "Ki ɗauka, Yaya."

Aka sa kejin a adaidaita sahu. Yana fita daga layinmu na ji ya ce, "A tashi, lokaci ya yi."

Damina ta sauka sosai a shekarar. Na je Tarauni na tarar an rataye kejin a rumfar da ake suyar ƙuli-ƙuli, hayaƙi a sama, buhunan gyaɗa jingine da bango mai danshi, ƙasan kejin cike da jiƙaƙƙen ɓawo. Gashinsa ya tashi. Ya gan ni, ya yi sallama, amma muryar ta dushe, kamar Baba yana magana daga cikin rijiya.

Gwaggo ta ce, "Leƙen asiri aka aiko ka?"

"Ba ki ji muryarsa ba? Ki bari in kai shi wurin likita."

"Mura ce. Kowa yana mura a damina. Ka ga ƙofa can."

Ba ta dawo da shi ba sai da ya daina magana gaba ɗaya. Ta dire kejin a barandarmu, ko zama ba ta yi ba, ta fuskanci ɗakin Umma.

"Ga abinku nan. Bakin ɗanki ne ya kama shi. Tun ranar farko yake kira masa mutuwa."

Na kai shi wurin wata likitar dabbobi a hanyar Hotoro. Ta saurari numfashinsa, ta shafa ƙirjinsa da ya zama ƙashi zalla, ta tambayi abin da yake ci. Na gaya mata. Ta ce fumfuna ce ta kama hanyar numfashinsa, kuma a irin wannan ciwo murya ce takan fara tafiya. Ta ce hantar ma ta kumbura. Na tambaye ta ko gyaɗa haramun ce ga aku. Ta ce a'a, mai tsabta, busasshiya, ɓararriya, ba gishiri, kaɗan, ba ta da laifi. Maganar Baba ce sak, a bakin wadda ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ba mu magani, amma ba ta yi mana alkawari ba.

Umma ce take ɗiga masa maganin. Da la'asar, lokacin da Baba yakan dawo daga aiki, sai ta zauna kusa da kejin tana tsintar shinkafa, ba ta kallonsa, amma na san me take jira. Yakan buɗe baki, iska kawai take fita. Wata safiya na same shi a ƙasan kejin, ƙafafunsa a naɗe. Na binne shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Umma ta wanke kejin ta kife shi a bayan ɗaki.

Da labari ya kai Tarauni, Gwaggo ta aiko cewa kwanansa ne ya ƙare. Na yarda kwana yakan ƙare, amma kowace mutuwa da sanadinta, wannan kuwa na ga sanadinta a leda, na sansana shi. Da Sallah ta aiko mana da ƙuli-ƙuli cikin kwanon samira. Na mayar mata da shi ban buɗe ba, wannan karon Umma ba ta ce in yi haƙuri ba.

Abin da muka rasa: aku ɗaya, sallama ɗaya, gyaran murya ɗaya, kiran asuba ɗaya, suna ɗaya da babu sauran mai kiran Umma da shi, da gwaggo ɗaya.