Ciyawar Orlena Vasek

Shekara talatin da ɗaya Orlena Vasek tana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu, can gabashin Nebraska. Ni maƙwabcinta ne, shinge kawai ya raba mu. Da ta ajiye aiki, mijinta kuma ya rasu, sai ta ɗauki shebur ta tuge koriyar ciyawar ƙofar gidanta kakaf, wadda marigayin ya yi ta aske wa kai kowace Asabar.

Irin ciyawar daji da furannin da ta shuka a wurin daga tsohuwar maƙabartar bayan gari ta tsinto shi, inda garma ba ta taɓa shiga ba. Shekara biyu wurin ya zauna kamar kan mai ƙora, muna ta yi mata dariya. A ta uku ciyawa ta tashi har ta fi ni tsayi, furanni rawaya da shuɗi suka buɗe. Ƙudan zuma suka cika wurin, malam-buɗe-littafi ya sauka, wasu ƙananan tsuntsaye da rabona da su tun ina saurayi suka dawo cin iri.

Merle Haugen, wanda gidansa ke kallon nata, ya kai ƙara majalisar gari. Ya ce macizai za su shigo unguwa.

"Merle," in ji ta, "macijin da ya ga fuskarka ai da kansa zai koma."

Majalisa ta aiko takarda: ta yanke cikin kwana goma, ko a zo a yanke mata. Ta manna takardar a jikin akwatin wasiƙunta don kowa ya karanta.

A rana ta sha ɗaya da hantsi injin yankan ciyawa ya iso. Orlena ta riga ta kafa kujera a tsakiyar ciyawar, kofin kofi a hannu. Mai injin, Dwight, ƙato ne mai furfura a gemu, amma ita ta kai shi makaranta shekara takwas.

"Mama Vasek, don Allah ki tashi. Aiko ni aka yi."

"Kashe wannan abin, Dwight. Ba na magana cikin hayaniya, ka sani."

Ya kashe. Ta kira shi ta nuna masa tsutsotsi masu zane kwance a bayan ganye, ta ce nan da mako biyu za su yi fiffike. Ya sosa ƙeya, ya aske taku uku na bakin titi don ya samu abin faɗa a ofis, ya tafi. Ranar na ga ta durƙusa tana tsince furannin da aka sare, ba ta yarda na taya ta ba.

Wata biyu ana kai ruwa rana a majalisa, ba ta fasa zama ko ɗaya ba. A ƙarshe suka ce ta riƙe lambunta, amma bakin titi a bar shi gajere. Merle bai ƙara gaishe ta ba.

Da ƙanƙarar hunturu ta narke, na leƙa ta shinge na same ta tana tuge koriyar ciyawar bayan gida, don can ma ta shuka ta daji.