Tankin Ruwan Kawu

Kawuna bai yi boko ba, amma shekara ashirin da uku shi ke kula da ɗakin awo. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan gidansa, ba taga, sai dakalin siminti da aka kafa a kan dutse. Duk shekara masu bincike kan zo su ɗora na'ura a kai, su auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi.

Shi ya fara yi min bayanin, da irin nasa bakin. Wai a zamanin da, ƙanƙara ce ta danne yankin da yake zaune, can ƙasashen sanyi, shekaru dubbai. Da ta narke sai ƙasa ta soma tasowa, kamar tsohuwar katifa in ka tashi daga kanta, kuma tana tasowa janta na raguwa kaɗan-kaɗan. Daga saurin tasowar ake gane irin danƙon dutsen nan mai zafi da ke can cikin ƙasa. "Ni dai nawa shara," in ji shi, alhali ko ƙuda bai yarda ya shiga ɗakin ba.

Ana nan gwiwoyin matarsa suka gaza ɗebo ruwa. Kawu ya haƙa rami a jikin bangon ɗakin ta waje, ya binne ƙaton tanki. Bai gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗa ba.

Bayan shekara huɗu, wata matashiyar mai bincike da yake kira Dakta ta zo da murnarta. Ta nuna masa zane a takarda: layin awon jan ƙasa da ya daɗe yana gangarowa ya karkace. Ta ce wata mai zuwa za ta kai wannan gaban manyan malamai, shaida ce cewa cikin ƙasa ba yadda aka zata yake ba, kuma duk aikinta a kansa ya tsaya. Cikin hira ta ce ai na'urar ko nauyin ruwa ne a kusa sai ta ji.

Kawu ya tambayi shekarar da layin ya karkace. Ta faɗa, daidai shekarar da ya binne tankin.

Na san kawu, wallahi da bulala aka zuba masa da ya fi masa sauƙi. Kuma yana iya yin shiru, tunda ciyawa ta rufe wurin. Ya jima yana kallon takardar da bai iya karantawa ba, sannan ya ce, "Dakta, zo ki ga wani abu."

Ya kai ta bayan bangon, ya ɗaga murfin tankin. Ta leƙa, ta koma ta zauna a ƙasa dirshan.

"Da na yi shiru ko?" in ji kawu.

"Da ka yi shiru, Baba, da sun tafa min."

Ta goge ido da gefen hannu, ta zaro igiyar awo daga jaka. "Kama min bakin nan, mu ga zurfinsa."

Ya kama. Sau uku ta sake awon kafin ta rubuta lambar.