Tarihin Harisu Mai Nutso da Igiyar Badaru

An haifi Harisu a Kornaka a shekarar 1929. Sunan mahaifinsa Mijinyawa, mayashin rijiya, mahaifiyarsa kuma Zinariya. An rubuta wannan tarihi ne domin har yau mutanen Dakoro suna ɗora alhakin ransa a kan ƙanin matarsa, Badaru, kuma mafi yawan masu faɗar haka ba su taɓa leƙa rijiya ba sai da guga.

Karatu da aikin soja

Bayan karatun allo, an sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi a 1938, bai daɗe ba ya gudo. A 1948 aka ɗauke shi soja aka kai shi Dakar, inda a 1953 aka koya masa nutso da kwalbar iska a baya, yana gyaran gindin jiragen ruwa.

Sallama daga aiki

A 1959 ya suma cikin teku. Wani likita Bature ya liƙa masa wayoyi a ƙirji, ya bayyana masa cewa zuciya tana bugawa ne da wani ɗan lantarki nata na kanta, kuma sanyin ruwa a fuska yana rage mata sauri, nauyin ruwa yana tara mata jini. Lafiyayyar zuciya tana jurewa, tasa kuwa lantarkinta yana sarƙewa. Aka sallame shi. Harisu bai gaskata ba, ya ɗauka makirci ne don a ba wani gurbinsa, kuma wanda ya san Turawan wancan zamani ba zai ga wautarsa ba.

Aure da sana'a

Ya dawo a shekarar samun mulkin kai, ya zauna Dakoro, ya auri Furera a 1961. Ita kaɗai ya gaya wa maganar likita, ya rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa, domin ba wanda zai kira mai ciwon zuciya yasar rijiya. Da kwalabensa biyu, waɗanda ake cika masa a Maraɗi, ya riƙa shiga ƙarƙashin ruwan manyan rijiyoyi daga Mai Yara har Azagor. A al'adar mayasa, igiya ba a damƙa ta sai ga na gida, saboda haka Badaru ne mai riƙe masa. Sun sha saɓani a kan wata gona, har Harisu ya taɓa ce masa a kasuwa, "Kai Badaru, gonar nan sai bayan raina." Jama'a sun ji, sun kuma adana.

Rasuwa

A watan Janairu na 1968, cikin tsananin sanyi, ya shiga wata rijiya a Azagor. Igiya ba ta motsa ba. Badaru ya jira alamar da suka saba, da bai ji ba ya sa aka jawo shi, ya fito ba rai, bututun shaƙar iska yana bakinsa, iska kuma ba ta ƙare ba. Jandarma suka tsare Badaru, suka sake shi don rashin hujja, abin da gari ya fassara da cin hanci.

Furera ta riƙe rantsuwarta har ta fita takaba, sannan ta je gaban dattawa ta faɗi gaskiya. Wani daga cikinsu ya ce, "Ɗiyata, wannan likita da ba shi da suna, sai yanzu da ƙaninki ya shiga uku kika tuna da shi?" Daga nan aka fara zarginta ita ma. Badaru ya bar gonar ya koma Jibiya a 1970.

An binne Harisu a maƙabartar Dakoro. Allah ya jiƙansa. Ya bar ƴaƴa huɗu: Mahamman, Ladidi, Habi, da Maraya wanda aka haifa bayan rasuwarsa. Mahamman ya gaji yasar rijiya, kuma bare yake ɗauka ya riƙe masa igiya.