Ƙyauren Yaya Ilu

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda mutanen ƙasar Kusada suka sani da Ilu Mai Fitila. Ya rasu da kaka, ana yankan gero, saura kaɗan Turawa su miƙa mulki. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ko da yake da alƙalami na ci abinci har na bar aiki. Wata tafiya da na yi Zariya watan jiya ce ta tayar mini da maganar.

Ɗiyata ce ta ja ni kallon ayyukan wasu ɗaliban zane. Na shiga ina tsammanin hotuna a takarda, sai na tarar da tarkace a jikin bango: murafan kwalba an jera su kamar saƙar tabarma, tsofaffin silifa, sarƙar keke, buhun taki an ɗinke shi da waya. Mutane masu manyan riguna suna tsayawa gaban kowanne suna gyaɗa kai. Wani malami ya yi mana bayani cewa wannan sabuwar hanya ce, yanzu an gane ba sai da fenti mai tsada ake yin abin kallo ba. Na nemi kujera na zauna. Ɗiyata ta ɗauka ƙafa ce ta dame ni.

Yaya Ilu ya girme ni da shekara tara. Sana'arsa yankan gwangwani. Yana yin fitilar aci-balbal da mazurari, yana like tasar da ta huje, ya kai kasuwar Kusada. Lokacin yaƙin Turawa aka zo ɗibar mutane zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna. Mutum shida aka ɗauka a ƙauyenmu, wanda ke gefen Boko. Shi kaɗai ya dawo, da tarin da bai sake shi ba har kabari. Sauran biyar sanyin duwatsu da yunwa da ciwon ƙirji suka cinye su. Iyalansu ba su ga gawa ba, ba su san inda aka rufe su ba.

Bayan dawowarsa ya yi wata uku ba ya magana sai gaisuwa. Rannan sai ya fasa garwar kananzir huɗu, ya buge su suka miƙe, ya kafa su a jikin itace, ya yi wa zaurensa ƙyaure, ko gambu kamar yadda muke cewa a gida. A tsakiya ya kafa wani ɓallin kwanon sarki da ya zo da shi, irin wanda suke ɗaukar ƙasa da shi a ka. Matar Tanko, ɗaya daga cikin waɗanda ba su dawo ba, ta gani, ta aiko masa da ruwan hauyar mijinta, wanda noma ya cinye har ya zama kamar tafin hannu. Ya kafa shi. Daga nan sauran gidajen suka riƙa kawo abin da ya rage musu. Gwaggo Hajo, wata Bafulatana mai tallar nono da ke zaune a rugar bayan gari, ta kawo sakainar ƙwaryar da ɗanta Ori yake tatsa da ita. Shi ke nan mata, ba ta da wani.

Kowane abu Yaya Ilu ya kewaye shi da murafan kwalba da yake tsintowa a tashar Kankia, da fasasshen madubin mota, da matacciyar langa mai jan fenti da ya yanka ƙanana ƙanana. Ya fi shekara biyu yana wannan aiki. Da hantsi, in rana ta bugi ƙyauren, masu wucewa kan hanyar Boko sai sun ja jaki sun tsaya.

Liman ya taɓa zuwa da damuwarsa. Ya ce, "Ilu, kada ka mai da gambu wurin bauta."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, duba da kyau. Babu fuska, babu ido. Duk wanda ya tsaya, Fatiha yake yi masu."

Liman ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga hannu shi ma ya yi musu addu'a. Ita kuwa Gwaggo Hajo, duk Juma'a sai ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar zauren, ta shafa sakainar nan da yatsa, ta ɗauki kayanta ta wuce.

Ni a lokacin na gama elementare a Kankia, na samu aikin malamin awo a kasuwar auduga. Baturen da ke duba mu mutum ne mai son tara kayan ƙasa, ƙorai masu zane da tukwane da linzami. Ina so ya san da ni, domin ana raɗe-raɗin za a ɗaga mutum ɗaya a cikinmu. Sai na ba shi labarin ƙyauren yayana. Ban yi zaton zai ce mu je ba. Ya ce mu je.

Zan yi masa adalci. Da ya tsaya gaban ƙyauren sai ya cire malafarsa. Na tabbata abin ya shige shi da gaske. Ya tambaye ni ma'anar abubuwan da ke jiki. Na ji nauyin ambaton kuza a gaban Bature, sai na ce masa ado ne kawai. Ya ce in roƙar masa Yaya ya ba shi, zai aiko da ƙyauren katako na kafinta, mai kuba.

Yaya Ilu ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Faɗa mashi ya yi haƙuri. Ba nawa ba ne ni kaɗai. In gani yake so, ya zo ko yaushe, hanya a buɗe take."

Na juya na ce wa Baturen da Turanci yayana ya yi murna, ya ba shi. Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba. Baturen ya yi dariya, ya kama hannun Yaya ya girgiza.

Bayan mako guda muka zo da motar auduga, ina zaune a gaba. Ni na zaɓi ranar, don na san ranar kasuwar Kusada ce, Yaya ba ya gida. Matarsa ta yi tambaya daga bayan danga, na ce mata sun riga sun shirya da mai gida. Leburori suka cire ƙyauren, suka naɗe shi da buhu, suka jingina na katakon a bango.

Kwana biyu bayan haka ya tako da ƙafa har Kankia, da tarinsa. Ya tsaya gefen sikeli, bai katse ni ba, sai da manomin ƙarshe ya tafi.

Ya ce, "Sada, mi ka ce mashi?"

Na ce, "Abin da ka faɗa na faɗa, Yaya. Ka san halin Turawa."

Ya dube ni, ya ce, "To." Ya tambayi lafiyar iyalina. Na kawo ruwa, ya ce ya sha a hanya. Ya juya.

Ƙyauren katakon bai taɓa kafa shi ba. A jikin rumbu ya zauna har gara ta cinye shi, shi kuwa ya rataya asabari a zaure. Matarsa ce ta ba ni labarin Juma'ar da ta biyo. Gwaggo Hajo ta sauke ƙwarya kamar kullum, ta ɗago ta ga asabari. Ta ce, "Ilu, ina ka kai mani shi?" Ya fito ya durƙusa, ya ce, "An ɗauka, Gwaggo. Laifina ne, ban tsare ba." Bai ambaci sunana ba, a ranar ko bayanta. Gari ya ɗauka cewa Ilu ya sayar wa Bature da mamatan mutane. Wasu suka daina sayen fitilarsa. Matar Tanko ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Shekara bakwai yana ɗauke da wannan, ni kuwa ina Kankia da sabon muƙami da sabon keke.

Na yi ƙoƙari, in ana kiran wannan ƙoƙari. Kafin kakar auduga ta zagayo an canja Baturen, daga baya na ji ya koma ƙasarsu. Na rubuta takarda sau biyu, ba amsa. Abin da ya kamata in yi, wato in tsaya a ƙofar masallacin ƙauyenmu in faɗi gaskiya, ba ya bukatar kan sarki ko ambulan. Shi ne ban yi ba.

A ciwonsa na ƙarshe na same shi da la'asar a kishingiɗe cikin zaure. Na fara magana. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Ba ni jin Turanci, amma na ga fuskarshi. Wanda aka hana ba ya dariya haka."

Na ce, "Yaya, mi ya sa ba ka faɗa ma mutane ba?"

Ya ce, "Kana da aiki, ga iyali ƙanana. Ni na yafe maka, Sada. Amma ba ni kaɗai ka ɗaukar ma ba. Je ka ga Gwaggo Hajo."

Na ce zan je. Aka yi rasuwa, aka yi sadakar uku da ta bakwai, auduga ta fara shigowa, na ce bari kasuwa ta lafa. Ranar da na je rugar, sai turaku da busasshen kashin shanu na tarar. Aka ce 'ya'yan ɗan'uwanta sun yi kudu da ita da dabbobin. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

Tun da na dawo daga Zariya nake tunanin abin da zai ce da zai shiga ɗakin nan. Na san zai fara duba bayan aikin ya ga yadda aka lanƙwasa ƙusa, don ba ya son aikin ha'inci. Zai ji daɗi yaran nan ba sa raina abin da aka yar. Amma ina jin zai nuna silifa ɗaya ya ce, "Wannan na wane ne?" In aka ce masa a bola aka tsinto, ba a san mai shi ba, zai sauke hannu ya wuce. Ba ina kushe ɗaliban ba ne, aikinsu ya yi kyau, kuma kowa da abin da ya sa shi ɗaukar guduma. Shi dai bai taɓa kafa abu don kyansa kaɗai ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, wataƙila yanzu haka ƙyauren yana rataye a wani ɗaki irin wannan a can ƙasar Turawa, mutane suna gyaɗa masa kai, an rubuta a ƙasansa cewa ado ne. In haka ne, daga bakina aka samo.

Makon jiya na je gida. Zauren ya rushe tuntuni, an yi shagon bulo a wurin. Amma tsakanin ƙauyenmu da Boko na ga gidaje da dama masu ƙyauren gwangwani, an jera murafan kwalba a jiki. Na tambayi wasu magidanta inda suka samo wannan, suka ce haka suka taso suka gani. Hannunsa ya zauna a ƙasar, ko da ba a san nasa ba ne. Dalilinsa ne ya tafi.

Da na koma Katsina, inda nake zaune, na ɗauki takarda don in rubuta sunayen mutum biyar ɗin nan, ko jarida ta riƙe su. Tanko. Ori. Barau. Mati. Na biyar ya ƙi zuwa. Ina ganinsa a idona, dogo ne, mai wushirya, gidansu na dab da rijiya. Uwarsa matajin kansa na itace ta kawo, haƙora uku sun karye, Yaya ya kafa shi can ƙasa ta hannun hagu. Kwana shida ke nan ina neman sunan, kuma duk waɗanda zan tambaya sun riga ni tafiya.

In akwai mai karatu daga ƙasar Kusada da aka taɓa gaya masa cewa wani kawunsa ko ƙanen kakansa ya tafi kuza bai dawo ba, dogo mai wushirya, don Allah ya aiko mini da sunansa ta hannun jaridar nan. Yaya Ilu bai manta da shi ba ko kwana ɗaya. Allah ya jiƙansu su shida, ni kuma ya ba ni ikon cika wannan layi kafin a kira ni.