Malam Gwadabe, Wanda Ya Bi Zauruka Neman Muryar 'Yardada

Wata Laraba ce a damina ta biyu bayan soja sun koma bariki. Hadari ya haɗu tun hantsi, ya ƙi zuba, ya ƙi washewa. Malam Gwadabe mai ɗaukar sauti ya buɗe situdiyonsa na Jakara kamar kullum. Ya share ɗaki, ya goge kan rikoda da auduga, ya yi bisimilla ya kunna kwamfuta. Bana ya ajiye aiki, shi ya sa mu samarin da muka ɗumama bencin ƙofarsa muka ga bai kamata labarin nan ya tafi a bakin shayi kawai ba.

A ranar ne Sani mai fiyano ya kawo masa faifan sabon furogiram na gyaran sauti.

"Baba, wannan wanki yake yi wa waƙa. Duk shuuu ɗin nan na kaset, sharewa yake."

Malam ya gwada a kan waƙar wani ɗan siyasa. Ta fito tas. Daɗi ya kama shi, ya haɗa duk waƙoƙin 'Yardada, tsohuwar mai amada ta Madabo, ya danna musu wankin gaba ɗaya. Furogiram ya yi wata tambaya da Turanci, ya amsa masa da e.

Da ya saurara, sai ya ji an yi ɓarna. Kiɗan ƙwarya ya tafi. Guɗa ta tafi. Na'ura ta ɗauke su a matsayin hayaniya, ta bar muryar tsohuwar kamar mai magana daga cikin rijiya. Kuma a kan na asalin da ke cikin kwamfuta ta ajiye.

"Ina uwayen kaset ɗin?" in ji Sani.

Ai babu su. Tun da siyasa ta dawo, masu waƙar jam'iyya suka cika masa ɗaki, ya riƙa ɗaukar su a kan tsofaffin kaset, tunda a ganinsa komai yana cikin kwamfuta.

Kafin la'asar sai ga Binta, 'yar 'Yardada, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, jikin Iya ya yi tsanani. Magana ma da ƙyar. Ta ce a kawo mata waƙoƙinta ta ji."

Ya kalli ƙasa, ya faɗa mata abin da ya faru. Binta ta ce, "Ni ba zan iya gaya mata ba," ta juya.

Tun daga nan barcinsa ya ƙaura. Duk sanarwar rasuwa da aka yi a masallaci, sai ya kasa kunne har sai ya ji sunan. Amma ya tuna abu guda: duk bikin da 'Yardada ta yi wa amada, ana ba amarya kwafin kaset, ta adana shi cikin kayan ɗakinta.

Namiji ba ya shiga gidan matan aure. Sai matarsa Uwa ta ɗauki mayafi. Ita ta shiga, shi ya tsaya a zaure da rikoda a hammata, daga Madabo zuwa Zaitawa.

Wata mata ta ɗaga murya daga tsakar gida don ya ji: "Kaset ɗin bikina? Wanda ya wanke na mai waƙar ne zan ba wa nawa?"

Uwa ta ce, "Haba Hajiya, a zaurenki zai kwafa. Leƙa ki gan shi, kamar mai jiran zance."

Wani kaset rana ta lanƙwasa shi. Wani yara sun ɗora karatun Islamiyya a kai. Wanda ya tsinke, Malam ya liƙe shi da jan farce.

Ranar da aka shigar wa 'Yardada rikoda, yana zaune a zaure. Kiɗan ƙwarya ya tashi a ciki. Can Binta ta fito tana goge ido tana dariya.

"Ta ce a gaya maka Ladi 'yar amshi har a kaset makara take yi."

Malam Gwadabe, kai ne ka yi ɓarnar da bakinka ya faɗa kafin a tambaye ka. Kai ne ka bar aikin 'yan siyasa yana jira, ka sha rana da baƙar magana a ƙofar gidajen mutane saboda tsohuwar da ba ta iya tashi ta bi ka ba. Tun daga lokacin, ba wanda ya koyi aiki a hannunka da zai taɓa sauti bai ware na asali gefe ba. Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun ya yi albarka. Masu situdiyo na yau, ku je ku gaishe shi, ku yi koyi da shi.

Waƙoƙin 'Yardada arba'in ne a kwamfutar. An samo talatin da ɗaya. Tara sun tafi, har da guda ɗayar da ta yi tare da mahaifiyarta.